Gangar Taiko da Lafiyar 'Ya Mace: Abin da Na Gani a Ƙasar Japan

Duk wanda ya nazarci adabin baka na Hausa ya san cewa kiɗa yana da gidansa, yana da lokacinsa, yana kuma da masu shi. Akwai kiɗan fada, akwai na sana'a, akwai na maza irin su dambe da tauri, akwai kuma na mata wanda ba ya ƙetare zaure sai da dalili. A cikin duk wannan rabe-rabe, mun saba duban kiɗa ta fuskar mai sauraro, watau wanda ake yi wa, da kuma abin da zai bayar. Ba safai muke tambayar abin da kiɗan yake yi wa mai yin sa ba. Wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan ɗan rubutu, kuma zan gina shi ne a kan wani aji na koyon gangar Japanawa da na halarta, wanda aka buɗe domin mata zalla, ba don su zama makaɗa ba, sai don su sami lafiyar jiki da kwanciyar rai.

Kafin in shiga labarin ajin, ya kamata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su san ko wace irin ganga ce ake magana a kanta. Kalmar taiko a bakin Japanawa tana nufin ganga kowace iri. Wadda aka fi sani ana sassaƙa kangonta ne daga gungumen ice guda, aka fi so na wata bishiya mai tauri da suke kira keyaki, a bar shi ya bushe shekara da shekaru, sa'an nan a rufe bakinsa biyu da fatar saniya, a ja ta tamau, a kafe ta da manyan ƙusoshi. Akwai ƙarama mai zaƙin murya wadda ake ɗaure ta da igiya, akwai kuma babba wadda sai an ɗora ta bisa gadonta, mai kiɗa ya tsaya ya ɗaga hannu sama da kansa kafin ya kai gare ta. Ana kaɗa su da sanduna biyu miƙaƙƙu, masu kaurin muciya ƙarama, ba lanƙwasassu irin makaɗin kalangu ba.

Gangar tsohuwa ce ƙwarai. An haƙo wani mutum-mutumin yumɓu a lardin Gunma, na ƙarni na 6, yana rataye da ganga. Da ita aka yi yaƙi, da ita aka yi roƙon ruwa, da ita kuma ake raya bukukuwan wuraren bautarsu. Amma irin kiɗan da duniya ta sani yau, inda ake jera ganguna manya da ƙanana mutane da yawa su kaɗa tare, sabon abu ne. Wani makaɗin jaz mai suna Daihachi Oguchi ne ya ƙago shi a lardin Nagano a shekarar 1951. Daga nan aka nuna shi a wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, aka kafa ƙungiyar Ondekoza a tsibirin Sado a 1969, daga cikinta kuma ƙungiyar Kodo ta fito a 1981. Seiichi Tanaka ya buɗe makarantarsa a San Faransisko ta Amurka a 1968, kiɗan ya bazu har Kanada da Turai da Barazil.

A farkon al'amari kiɗan ya ɗauki kamannin mazantaka: ƙato tsirara sai ɗan bante, jijiyoyi a miƙe, gumi yana zuba. Har yanzu akwai wuraren da mace ba ta taɓa ganga. A ƙauyen Nafune da ke bakin teku a lardin Ishikawa, akwai wani kiɗa da ake yi da fuskokin dodanni, wanda suka ce kakanninsu sun kori mayaƙa da shi a ƙarni na 16, kuma mazan ƙauyen kaɗai ke yin sa. Abin mamaki, tatsuniyar da su Japanawa suke danganta asalin kiɗan da ita, mace ce jarumarta. A cikin littafinsu na Kojiki, wanda aka kammala a shekarar 712, an ce rana ta yi fushi ta shige kogo duniya ta yi duhu, sai wata mai suna Uzume ta kife baho ta hau tana tattaka shi da rawa, har ranar ta leƙo don ta ga abin da ake yi wa dariya. A tsibirin Hachijo kuwa mata sun daɗe suna kiɗa kafaɗa da kafaɗa da maza. A 1986 aka kafa ƙungiyar mata ta Hono-o-Daiko a lardin Ishikawa, a 1990 aka kafa Sawagi Taiko a Bankuba ta Kanada, yau kuma a Amurka ta Arewa mata sun fi maza yawa a wannan fage.

Ni dai abin da ya kai ni ƙasar shi ne aure. Maigidana ya sami gurbin karatun digiri na uku, muka sauka a birnin Kanazawa, hedkwatar lardin Ishikawa, a ƙarshen shekarar 2022, ina goye da ɗiyarmu ta fari 'yar wata biyar. Gari ne mai tsafta da tsari, mutanensa masu ladabi, amma ruwa da ƙanƙara ba sa ɗauke masa a lokacin hunturu, har mutanen garin suna da karin magana cewa ko ka manta da abincin rana, kada ka manta da laima. Maigida yakan fita tun da safe, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Gidan kuwa ɗaki biyu ne, bango kamar takarda, ƙa'idar zama kuma ita ce kada maƙwabci ya ji motsinka. Idan yarinya ta yi kuka sai in rungume ta in shige banɗaki. Ni da na tashi a gidan yawa, inda tun asuba ake jin ƙarar guga da muryar Inna da ta kishiyoyinta, sai ga ni ina wuni ban furta kalma goma ba. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, nakan zauna hawaye suna zuba ba tare da an yi mini komai ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni na tarar har bebe ne.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke duba lafiyar jarirai ce ta lura da ni. Labarin zuciya, an ce, a tambayi fuska. Ta haɗa ni da likita, sa'an nan ta miƙo mini wata 'yar takarda ta ɗakin taron unguwarmu, irin ɗakunan da suke kira kominkan, inda ake koyar da ɗinki da girki da motsa jiki. A ciki an rubuta cewa akwai ajin taiko na masu fara koyo, mata kaɗai, kowace Laraba da hantsi, awa ɗaya da rabi, kuma akwai masu riƙe yara a ɗaki na kusa.

Ba nan take na amsa ba, domin akwai abubuwa biyu da suka tsaya mini. Na farko addini. Na san ana kaɗa wannan ganga a wuraren bauta, saboda haka maigida ya raka ni muka tambayi malamar ajin ko akwai wata ibada a ciki. Ta ce babu, motsa jiki ne da kiɗa, kuma babu namijin da ke shiga ɗakin. Na biyu kuwa asali. Da na gaya wa Inna ta waya, sai ta yi shiru, can ta ce, “Ke 'yar nan, kiɗa kuma? Kin taɓa jin maroƙi a zuriyarmu?” Na ce, “Inna, ba roƙo ba ne, ba kuma wanda zai ba ni ko sisi. Kamar lugude ne.” Ta ce, “To, in dai mijinki ya yarda, kuma ba a gaban maza ba, Allah ya ba ki lafiya.” Daga baya na fahimci cewa su ma Japanawa suna da irin wannan tabo a tarihinsu, sai dai nasu ya faɗa ne a kan masu jima da haɗa gangar, waɗanda aka daɗe ana ƙyamar su saboda suna taɓa fatar mushe, alhali kowa yana rawa da abin da hannunsu ya yi.

Mu goma sha biyu ne a ajin. Akwai wata dattijuwa mai shekara 71 wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suna Tokyo. Akwai wadda take jinyar surukarta da tsufa ya rikita wa hankali, ba ta da wata awa tata a mako sai wannan. Akwai ma'aikaciyar asibiti mai aikin dare, da masu goyo irina guda uku, ɗayarsu 'yar Indunusiya. Malamarmu 'yar siririya ce, ta ba hamsin baya, amma idan ta saki sanda a kan fata sai ka ji tagogi suna rawa.

Ganguna huɗu kaɗai ɗakin ya mallaka, domin suna da tsada ƙwarai. Saura sai tsofaffin tayoyin mota da aka naɗe da salatif aka ɗora bisa kujeru, ana karɓa-karɓa. Darasin farko kuwa ba a taɓa ganga ba sai can ƙarshe. Tsayuwa aka koya mana: a buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, a ɗan durƙusa, a sauke nauyin jiki zuwa mara, a saki kafaɗu. Malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana dafa kafaɗunmu, ta ce dukkanmu mun ɗaga su kamar masu jiran duka. Sa'an nan ta nuna mana cewa ba da ƙarfin damtse ake bugu ba. Ana ɗaga hannu ne a miƙe har sama, a bar shi ya faɗo da nauyinsa, a damƙe sandar daidai lokacin da za ta taɓa fata, a kuma bar ta ta dawo da kanta. Wadda ta nace sai ta yi da ƙarfi, kafin minti biyar ta gaji, sautinta kuma ya mutu.

Abin da zai fi jawo hankalin ɗalibin harshe shi ne yadda ake koyar da kiɗan. Ba a ba mu takarda ba. Da baki ake karanta shi tukuna, kowane bugu da sunansa. “Don” shi ne bugu mai ƙarfi a tsakiyar fata, “doko” bugu biyu ne a jere dama da hagu, “ka” bugun gefen ice ne, “tsu” bugu ne a hankali, “su” kuwa shiru ne, amma shirun da ake ƙirgawa. Ƙa'idar malama ita ce abin da bakinki bai iya faɗa ba hannunki ba zai iya bugawa ba. Nan ne na fara samun sauƙi, domin a wannan harshe na ganga ni da dattijuwar nan duk 'yan aji ɗaya ne. Ba ta fi ni ba don an haife ta a garin, ban kuma kasa ta ba don ni baƙuwa ce.

Sai kuma ihu. A cikin kiɗan akwai gurabun da ake buɗe murya a yi tsawa daga ciki, suna kiran ta kiai, don ƙarfafa wa juna gwiwa da daidaita lokaci. Wannan ya fi komai yi wa matan wuya. Macen Japan, kamar 'yar'uwarta Bahaushiya, an tarbiyyantar da ita a kan kunya da sassauta murya da tsuke jiki, har dariya sai ta rufe baki. Mako uku muna fitar da wata 'yar murya kamar ta kyanwa. A mako na huɗu, mai jinyar surukar nan ta saki wata tsawa da ta sa kowa ya tsaya cak. Ta tsaya tana haki, sai hawaye, sai kuma dariya, mu ma muka kama. Babu wadda ta tambaye ta dalili. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma kowace a cikinmu ta san abin da ya fito.

Wahala kam akwai ta. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya zama kanta. Cinyoyi da kafaɗu sukan yi tsami kwana biyu. Malama takan raba abin toshe kunne, takan kuma hana mai ciwon baya ko mai juna biyu shiga sai da izinin likita. Amma tun daga mako na biyu, daren Laraba ya zama daren da nake barci har asuba. Daga baya sauran darare suka bi sahu. Na koma ina jin yunwa. Na tarar ina karanta wa ɗiyata “don doko don” ina jijjiga ta, tana ɓaɓɓaka dariya.

Da na nutsu na yi tunani, sai na ga abubuwa huɗu ne suka haɗu a wannan aji. Na farko aikin jiki ne sosai, mai sa gumi da bugun zuciya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Na biyu, kiɗan ba ya barin gurbin tunani. Wadda hankalinta ya tafi ga tukunya ko ga maganar da aka gaya mata jiya, nan take za ta faɗi daga layi, saboda haka zuciya takan sami hutun awa ɗaya da rabi daga saƙe-saƙe. Na uku, izini ne na cika wuri da yin ƙara, ga mutanen da rayuwa ta koya wa ƙanƙancewa. Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne haɗuwa. Idan ganguna goma sha biyu suka faɗi a bugu ɗaya, sautin ba ta kunne kaɗai yake shiga ba, a ƙirji da ciki ake jin sa, kuma ba ka iya rarrabe naka da na maƙwabciyarka. Idan wata ta yi fashi, gurbinta yakan fito fili, a kuma neme ta. Mutumin da ya san za a neme shi ya rabu da rabin kaɗaici.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. A 2016 Daisy Fancourt da abokan aikinta a Kwalejin Kiɗa ta Sarauta da ke Landan sun buga sakamakon wani bincike, inda masu fama da damuwa suka yi kiɗan taro sau ɗaya a mako har mako 10, aka tarar damuwa da fargabarsu sun ragu idan aka gwada da waɗanda ba su yi ba. Gangar da suka yi amfani da ita ma tamu ce ta Afirka ta Yamma, watau jembe. Sai dai mutanen da aka gwada ba su kai 50 ba, saboda haka kada a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa. Ganga ba ta maye gurbin likita, ni ma kuma ban daina ganin nawa ba sai da ya sallame ni. Amma matsalar da ake son magancewa babba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa inda duk aka sami maza biyu masu ciwon damuwa, za a sami mata kamar uku. Ita kanta Japan, bayan da yawan matan da ke halaka kansu ya ƙaru a 2020, sai da ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a watan Fabrairu na 2021.

To, mene ne ruwan ɗalibin Hausa da wannan duka? Amsar tana cikin kalmar da na faɗa wa Inna ba tare da dogon tunani ba, watau lugude. Mata uku ko huɗu a kan turmi ɗaya, ƙafafu a buɗe, taɓarya tana tashi tana faɗowa da nauyinta, ana cafewa ana tafi, ana waƙa ana habaici, kishiya ta amayar da abin da ke ranta ba tare da an kai ga faɗa ba: duk abubuwa huɗun da na lissafa suna nan ciki. Haka shantu a ɗakin amarya, haka kiɗan ƙwarya ranar suna, wanda su Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, suka fito da shi fili. Ba ina cewa a mayar da mata ga wahalar daka ba. Injin niƙa rahama ne, duk wadda ta taɓa surfa kwano goma ta sani. Abin da nake cewa shi ne injin ya ɗauke wahalar ya haɗa da maganin da ke cikinta, ba mu kuwa sa komai a gurbinsa ba. Yau amarya a birni tana zaune ita kaɗai a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, daga ita sai wayar hannu, halin da bai rasa kama da wanda na shiga a Kanazawa ba.

Japanawa ba su bar gangarsu a gidan tarihi ba. Sun ɗauko ta daga fagen yaƙi da wurin biki, sun sake mata tsari a 1951, yau kuma sun miƙa ta ga gwauruwa da mai jego a ɗakin taron unguwa. Ba sai mun sayo taiko ba, ƙwarya da turmi da shantu suna nan. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mata, da idan za mu zaɓi kan kundin digiri, kada mu tsaya ga tattara matanin waƙoƙin daka da fito da salonsu kawai. Mu zauna da iyayenmu mata tun suna raye, mu tambaye su yadda jikinsu da ransu suke kasancewa bayan an sauke taɓarya, da kuma abin da suka rasa tun da aka daina. Ina kuma roƙon malamanmu su duba yiwuwar haɗa hannu da sashen koyon aikin likita a kan irin wannan nazari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye, ya kuma amfanar da mu abin da muke koyo, amin.